Rabe na Dikwa: Ya Ci Borno da Bindiga, Faransawa Suka Ci Shi a Kuseri

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa Lokpanta da Fatakwal. Yau daga Maiduguri nake rubuto muku. Da yawanku shanun da kuke saukewa daga tirela ta nan suka biyo, wasu ma tun daga Chadi suka tsallako ta Gamboru Ngala. To a kan wannan hanyar, kimanin kilomita 90 gabas da Maiduguri, akwai garin Dikwa, a cikinsa kuma akwai wani tsohon ginin ƙasa da ake kira gidan Rabe. Tarihin mai gidan nan nake so mu duba yau.

Ina ɗan shekara 12 na fara shiga gidan. Mun fito da Baba za mu Gamboru sayen shanu, lokacin hanya lafiya lau, sai muka tsaya Dikwa sallar azahar. Da muka idar ya ja hannuna muka shiga. Abin da na fi riƙewa shi ne kaurin bango da sanyin ɗakunan, ga waje rana kamar ta dafa mutum. A makaranta an koya mana cewa Rabe jarumi ne da ya tsaya wa Turawan Faransa har ya mutu a fagen daga. Amma wani dattijo Babarbare da muka tarar a inuwar ƙofar, da ya ji ina yabon mutumin, sai ya ɓata rai, ya shiga ba Baba labarin yadda aka kori kakanninsa daga Kukawa ba ko tabarma. Ranar na koma mota a rikice. Sai da na girma na yi ta bincike na gane cewa malaminmu bai yi ƙarya ba, dattijon ma bai yi ba.

Rabe ba ɗan Borno ba ne. An haife shi wajajen 1842 a Halfaya, kusa da birnin Khartum na ƙasar Sudan, lokacin Sudan tana hannun Masar. Ya fara aikin soja a rundunar Masar, daga baya ya bar ta ya nufi kudu, yankin Bahar al-Gazal, ya shiga yaran wani hamshaƙin ɗan kasuwa mai suna Zubairu Rahama. Kasuwancin Zubairu hauren giwa ne da bayi, kuma yana da sojojin kansa, mafi yawansu bayi ne da aka koya wa harbi. A cikinsu Rabe ya taso har ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandoji. Shi ya sa za ku ji ana ce masa Rabe Zubairu, alhali ba ɗansa ba ne, yaron gidansa ne. Da shi aka ci daular Darfur a 1874.

Bayan cin Darfur, Zubairu ya tafi Alkahira don ya kai ƙara kan rabon mulki, sai hukumar Masar ta riƙe shi, ta hana shi komowa. Ɗansa Sulaiman ya gaji rundunar, ya yi tawaye. Gwamnan Sudan na lokacin, Bature ɗan Ingila mai suna Gordon, ya tura wani hafsa ɗan Italiya, Gessi, ya murƙushe shi. A watan Yulin 1879 Sulaiman ya miƙa wuya bisa alkawarin za a bar shi da rai, amma aka harbe shi. Rabe tun farko bai yarda da wannan alkawari ba. Ya ware da mutum ɗari bakwai zuwa ɗari takwas da bindiga kamar 400, ya yi yamma cikin daji. Abin da ya sami Sulaiman ya zame masa darasi har ƙarshen ransa, bai taɓa miƙa kansa hannun Bature ba.

Fiye da shekara goma ya yi yana yawo a ƙasashen da yanzu suke arewacin Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi. Gaskiya ba a ɓoye ta: abin da ya rayu da shi a shekarun nan farmaki ne. A faɗa wa ƙauye, a kwashe hatsi, a kama mutane, majiya ƙarfi a sa su soja, sauran a sayar a sayi bindiga da albarushi. Ya raba rundunarsa tuta-tuta, kowace da shugabanta, ana atisaye, ana bin oda, wanda ya saɓa a zane shi da bulala ko waye shi. Da Mahadi ya bayyana a Sudan, Rabe ya ɗauki tutarsa da irin tufafin mabiyansa, amma da aka kira shi ya zo Omdurman bai je ba. A 1890 ya naɗa Muhammadu Sanusi sarki a Dar Kuti, suka ƙulla surukuta, ɗansa Fadlallah ya auri 'yar Sanusi. A 1891 mutanen Sanusi suka hallaka ayarin wani Bafaranshe mai suna Crampel, bindigogin zamani da ayarin ke ɗauke da su suka faɗa hannun Rabe. Daga nan ƙarfinsa ya wuce na ɗan farmaki.

Ya fara da Bagarmi. Ya kewaye Sarki Gauranga a garin Manjafa a bakin kogin Shari, wata da watanni, har garin ya faɗi a 1893. Gauranga ya tsira da ƙyar. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi. Daga nan Rabe ya tsallaka Shari, ya kama Logone, ya tsaya a ƙofar Borno.

Borno kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce. Daula ce da ta yi kusan shekara dubu idan aka haɗa da Kanem, wadda ko jihadin Shehu Usmanu bai iya haɗiye ta ba, saboda tsayuwar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Shi ya kafa Kukawa a 1814. Amma zuwa zamanin jikansa Shehu Hashimi, wanda ya hau a 1885, gidan ya yi rauni. 'Ya'yan sarauta na hararar juna, cinikin Sahara ya ja baya, talakawa sun gaji da haraji. Dawaki da sulke da masu suna nan da yawa, sai dai yaƙin ya sauya, ya koma na wanda ya iya jera sojoji su yi harbi tare da oda ɗaya.

Shehu Hashimi ya fara tura babban kwamandansa Mamman Tahir. Aka karya shi a Amja, aka kama shi, aka kashe. Shehu ya fito da kansa, aka sake gwabzawa a Lekarawa, Borno ta sake faɗuwa. Shehu ya bar Kukawa ya yi arewa wajen kogin Yobe. Rabe ya shiga birnin a 1893, aka washe shi, aka ƙone, aka kama mata da yara har da na gidan sarauta. Birnin da fatake daga Kano da Tarabulus suke sauka a cikinsa ya zama kufai, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

A nan ne labarin waɗanda ba a cika ambata ba yake farawa. Manyan Borno da suka tsira suka naɗa ɗan ɗan'uwan Hashimi, wato Muhammadu al-Amin da aka fi sani da Kyari, ya zama Shehu. Shi ma hannunsa ba fari tas ba ne, don a lokacinsa aka kashe Hashimi, saboda kada a sami Shehu biyu a lokacin yaƙi. Amma Kyari ya ƙi gudu, ya ƙi sulhu. Ya tara abin da ya rage na mayaƙa, a farkon 1894 suka haɗu da Rabe a Gashegar a bakin kogin Yobe. Ranar farko mutanen Borno ne suka yi galaba, har suka shiga sansanin Rabe. Sai suka ɗauka an gama, suka watse wajen kwasar ganima. Ana ruwaito cewa Rabe ya tara shugabannin tutocinsa ya sa aka yi musu bulala ɗari-ɗari, har da ɗansa Fadlallah, sannan ya komo da su. Kyari ya sami rauni, aka kama shi. Ya ƙi yin mubaya'a, aka kashe shi. Ɗan'uwansa Sanda Wuduroma ya ɗauki sarautar ya ci gaba da turjiya, shi ma ba a daɗe ba aka kama shi aka kashe.

Ba 'ya'yan sarki kaɗai suka tashi ba. Wani malami mai suna Abu Gantar daga yankin Nganzai ya tara talakawa, manoma da makiyaya, mafi yawansu ba su da bindiga sai sanda da mashi. Sun taɓa fatattakar wata rundunar Rabe kafin a taru a kansu a murƙushe su. Wallahi duk lokacin da na tuna mutanen nan sai jikina ya yi sanyi. Mutum ya bar gonarsa da garkensa ya tunkari bakin bindiga da sanda, don dai kada a ce an ci ƙasarsu yana zaune.

Da ƙasa ta kwanta masa, Rabe bai zauna Kukawa ba. Ya zaɓi Dikwa, ya kewaye ta da ganuwa, ya gina gidan da na shiga ina yaro. A ba shi haƙƙinsa, mutum ne mai tsari. Bai rushe tsarin mulkin Borno gaba ɗaya ba, ya bar masu gari da yawa a kujerunsu, sai ya ɗora kwamandojinsa a kansu. Ya tsara haraji, ya kafa baitulmali da rumbunan hatsi, ya naɗa alƙalai, sojojinsa na fita fareti a filin da ke gaban gidan. Dikwa ta cika ta batse a 'yan shekaru. Sai dai duk wannan tsari don ciyar da runduna aka yi shi. Garin da ya yi jinkirin biya, a kwashe hatsinsa da shanunsa da 'ya'yansa. Noma ya ja baya, fatauci ya tsaya. Mu da muka tashi a harkar kasuwa mun san abin da rufewar hanya take nufi, ba sai an yi mana bayani ba. Sarakunan daular Sakkwato ma sun ƙi hulɗa da shi, samun albarushi ya yi masa wuya, har ya nemi ciniki da kamfanin Turawan Ingila da ke kan kogin Binuwai, bai samu yadda yake so ba. Mutanen Borno har yau suna ƙirga mulkinsa da shekara bakwai da wata bakwai da kwana bakwai, irin ƙirgar wanda ya ƙosa abu ya wuce.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar Sakkwato ya kafa zama a Balda, cikin arewacin Kamaru ta yau, yana kira ga bin Mahadi. Ya haɗa kai da Rabe wajen cin Borno, yana fatan daga nan su wuce ƙasar Hausa, har Rabe ya aura masa 'yarsa Hauwa. Da aka zauna Dikwa sai Hayatu ya ga an mai da shi limami kawai, ba ya da ta cewa, kuma abin da ake yi wa talakawa ba shi ne abin da ya fito nema ba. A 1898, Rabe ba ya gari, ya yi yunƙurin ficewa. Fadlallah ya bi shi da runduna, aka kashe shi a hanya. Wato surukin gidan ma bai tsira ba. A shekarun nan kuma Rabe ya kai yaƙi ƙasar Bade, abin da ya sa hankalin Kano ta zamanin Sarki Alu bai kwanta ba, don kowa na ganin ita ce ta gaba.

Abin da ya hana shi shi ne Faransawa. Su burinsu su haɗa ƙasashen da suka kama a Aljeriya da Senegal da Kwango, kuma mahaɗar ita ce tafkin Chadi, daidai inda Rabe yake zaune. Suka turo runduna uku. Ɗaya ta taso daga Kwango ƙarƙashin Gentil. Ɗaya ta keto Sahara daga Aljeriya ta biyo Damagaram, ƙarƙashin Foureau da Manjo Lamy. Ta ukun ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa a 1899, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta yi ɓarnar da har gwamnatinsu ta ji kunya. Bayan an kashe shugabannin nan biyu, Joalland da Meynier suka ƙarasa da ragowarta. Kun ga ke nan waɗanda suka zo kawar da Rabe ba masu ceto ba ne.

Rabe bai jira su ba. Ran 17 ga Yulin 1899 ya faɗa wa rundunar Bretonnet a dutsen Togbao, ya kusan shafe ta baki ɗaya, ya kwashe manyan bindigoginta. A watan Oktoba aka rataye wani Bafaranshe, de Béhagle, da ake tsare da shi a Dikwa. A ƙarshen watan kuma ya gwabza da Gentil a Kuno, kowa ya ji jiki, ba wanda ya gama da wani. Babu shakka a wannan shekarar Rabe shi ne babban ƙashin da ya tsaya wa Faransa a wuya a duk tsakiyar Afirka. Nan ne malaminmu na makaranta yake da gaskiya.

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da rundunonin uku suka haɗu a Kuseri, inda kogin Logone ya haɗu da Shari, su waye a gefensu? Gauranga na Bagarmi, wanda Rabe ya rusa wa gari a 1893, ya zo da mayaƙansa. Umar Sanda Kura, ɗan gidan Shehu da ya yi gudun hijira, Faransawa sun riga sun amince da shi a matsayin Shehun Borno tun watan Janairun 1900, shi ya ba su hujjar shiga ƙasar. Sojojin Faransan kansu, kimanin 700, Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, saura 'yan Afirka ne daga Senegal da Aljeriya da sauran wurare. Talakan Borno kuwa ba shi da dalilin da zai sa ya zubar da jininsa don mutumin da ya ƙone Kukawa. Ran 22 ga Afrilun 1900 aka yi karon. Aka fasa sansanin Rabe, Manjo Lamy ya sami raunin da ya kashe shi a ranar, Rabe ma aka harbe shi yana ƙoƙarin janyewa. Aka yanke kansa aka kawo wa Faransawa, suka ɗauki hotonsa. Garin da suka kafa a tsallaken kogin suka sa masa sunan Lamy, shi ne aka mayar Injamena a 1973, babban birnin Chadi.

Fadlallah ya ja ragowar rundunar ya yi yamma. Ya nemi Turawan Ingila su amince da shi ya mulki Borno a ƙarƙashinsu, ana cikin maganar Faransawa suka tsallako suka kashe shi a Gujba, cikin jihar Yobe ta yau, a watan Agustan 1901. Su kuma 'yan gidan Shehu ba su daɗe ba suka gane kuɗin taimakon. Faransawa suka ɗora wa Sanda Kura biyan dalolin azurfa masu yawa, da ya gaza suka tuɓe shi suka naɗa ɗan'uwansa Abubakar Garbai. Aka yanka Borno kamar naman Sallah: kaso ga Faransa, kaso ga Jamus, kaso ga Ingila. Dikwa ta faɗa hannun Jamusawa. Shehu Garbai ya koma ɓangaren Ingila a 1902, aka gwada komawa Kukawa abin bai yiwu ba, a 1907 aka kafa masa sabon gari, Yerwa, kusa da ƙauyen Maiduguri. Wato wannan birni da nake zaune ina rubutu, da kasuwar shanunsa da fadar Shehunsa, da Rabe bai rushe Kukawa ba da wataƙila babu shi a yadda muka san shi.

Ita kuwa Dikwa, bayan yaƙin duniya na ɗaya ta koma hannun Ingila, a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama yankin ya zaɓi Najeriya. Gidan Rabe, wanda Turawa suka yi ta amfani da shi bayan mai shi, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun kafin samun 'yancin kai. A 2014 garin ya sake ganin mamaya, 'yan Boko Haram suka kama shi, mutane suka watse zuwa Maiduguri da Kamaru, sai a 2015 aka ƙwato shi. Shekaru muka yi ba ma bin hanyar Gamboru sai da rakiyar soja, kuma ku ma can Kudu kun ji a farashin sa. Jikokin waɗanda suka gudu daga Kukawa a 1893 su ne suka sake ɗaure kaya a ka.

Kwanan baya na ga a waya cewa a Kopenhagen, babban birnin Denmak, akwai gidan tarihi da aka gina musamman don mutanen da suka yi wa sojojin Jamus turjiya lokacin da suka mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1945, masu buga jarida a ɓoye da masu tsallakar da Yahudawa zuwa Suwidin cikin jiragen kamun kifi. Sai na tuna Dikwa. Mu abin da ya tsaya mana shi ne bangon wanda ya yi mamayar, don shi ne mai ƙarfin tara mutane su yi gini. Kyari da Sanda Wuduroma da Malam Abu Gantar da talakawan da suka bi shi ba su bar bango ba. Ban ce a rushe gidan Rabe ba, a'a, a gyara shi ma, a kai yara su gani. Amma duk wanda zai ba da labarin Kuseri, to ya fara da Kukawa da Gashegar.

'Yan uwa, in Allah Ya kawo ɗayanku Maiduguri lodin shanu, hanya kuma ta yi kyau, ya daure ya ƙarasa Dikwa ya shiga gidan nan. In ya tarar da dattijo a inuwar ƙofa, ya gaishe shi ya zauna ya saurara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Borno lafiya, Ya tsare ku a inda kuke neman halalinku. Amin.